Talatin da Ɗaya ga Satumba

Baba Hatimi ya sake goge tafin hannunsa a jikin riga, amma gumin ya ƙi tsayawa. Yana zaune a bencin shaidu, rungume da ƙaton littafin rajista kamar mai renon jariri. Shekara talatin da huɗu ya yi a bakin tagar karɓar takardu ta hukumar kula da muhalli, har mutane suka manta sunansa suka bar shi da na abin aikinsa, amma bai taɓa taka kotu ba sai yau.

Wata masana'antar fenti ce ta samu izinin zubar da ruwan dattinta a rafin da masu lambu ke ban-ruwa da shi. Doka ta ba mai ƙorafi kwana talatin, wa'adin kuma ya cika ranar talatin ga Satumba. Masu lambu sun kawo takardarsu, sai dai hatimin da ke kanta cewa ya yi talatin da ɗaya ga Satumba, ranar da babu ita a kalandar kowa.

"Ya mai shari'a," in ji lauyan masana'anta, yana ɗaga takardar da yatsa biyu, "abin a fili yake. Ma'aikaci ya zo da safe ya juya hatiminsa gaba, ya manta wata ya ƙare. Ranar da ke bin talatin kuwa ɗaya ga Oktoba ce. Sun makara. Wa'adi wa'adi ne, ko kifin rafin ne ya kawo ƙara."

Aka ɗan yi dariya. Tsohuwar da ke shugabantar masu lambu, wadda ita ta kawo takardar da hannunta, ba ta yi ba. Ta ƙura wa Baba Hatimi ido kawai.

Shi kuwa ya san abin da ya faru sarai, abin da ya hana shi cin abinci ke nan tun jiya. Yana da wata ɗabi'a: kullum ƙarfe huɗu saura kwata, kafin a tashi, sai ya juya hatimi zuwa kwanan gobe, wai don kada ya manta da safe. Sau biyu shugaban sashe yana ja masa kunne a rubuce, na uku kuma kwamitin ladabtarwa ne, ga ritaya saura wata huɗu. Shugaban ma ya tare shi a matakala jiya ya ce, "Baba, ka ce ba ka tuna ba. Wa zai kama ka?"

Da ya gaya wa matarsa da safe, ko ɗago kai ba ta yi daga guga ba. "Malam, kai da har yau kake tuna ranar da na ƙona maka riga shekara ashirin da suka wuce? In ka ce ka manta, wallahi ni zan fara yi maka dariya."

Aka kira shi. Ya yi rantsuwa.

"Yaushe wannan takarda ta shigo hannunka?" mai shari'a ta tambaya.

"Ranar talatin, ranki ya daɗe. Huɗu saura minti goma. Iya ta shigo tana haki, ƙafarta duk laka, ta ce motarsu ce ta lalace a hanya."

"To me ya sa hatimi ya ce talatin da ɗaya?"

Baba Hatimi ya waiga. Ya hango shugaban sashe a baya yana kallon silin. Sai kawai ya faɗa: ɗabi'ar, da gargaɗin biyu, bai rage komai ba.

Lauya ya yi murmushi. "Labari mai daɗi, Baba. Wa zai tabbatar mana?"

"Littafi, ranka ya daɗe." Ya buɗe rajistar, ya lashi yatsa ya juya shafi. "Washegari da na zo na ga shirmen da na yi, na gyara kafin na buɗe taga. Ga takardun ranar nan, sha bakwai ne, duk ɗaya ga Oktoba suke ɗauke da shi, tun daga ta ƙarfe takwas. Ita kaɗai ce mai talatin da ɗaya, kuma ga ta a ƙasan shafin ranar talatin, na ja layin rufewa a ƙarƙashinta."

Mai shari'a ta karɓi littafin ta daɗe tana dubawa. Can ta cire tabarau ta ce ba za a rufe wa mutane ƙofar shari'a saboda kuskuren hukumar da ya kamata ta saurare su ba. Ƙorafi ya shigo cikin lokaci, za a ji shi, kuma kada ɗigon ruwan fenti ya taɓa rafin kafin a yanke hukunci.

Kai, Baba Hatimi ji ya yi kamar an sauke masa buhun siminti daga ka! Ya san takardar tuhuma na jiransa a ofis, amma abin mamaki, yunwa ce ta fara kama shi.

Ta kuwa jira shi, a kan teburinsa, cikin farin ambulan. Ya karanta, ya ninke, ya sa a aljihu, ya buɗe taga. Huɗu saura kwata hannunsa ya tafi kan hatimi da kansa. Yatsansa na kan ɗan ƙarfen juyawa ke nan sai ya ji an ƙwanƙwasa gilashi.

Tsohuwar ce, da wata takardar a hannu, ta sakamakon gwajin ruwan rafi.

"Sannu da aiki, ɗan'uwa," ta ce, tana turo ta ta ƙasan taga. "Kafin ka buga, gaya mini tukuna: a wajenka yau nawa ga wata?"

Baba Hatimi ya janye yatsansa a hankali. Ya duba kalanda, ya duba hatimi, ya juyo mata da shi ta gani da idonta, sannan ya buga.