Waƙar Allon Gwajin Ido

Ni mai gwajin ido ce, kuma a wurin aiki ba a san ni da wasa ba. Direbobin da kamfanoni ke turo mana duk shekara sun raɗa mini suna Ba-Sani-Ba-Sabo, a zatonsu ban sani ba. Na sani sarai, har daɗi sunan yake yi mini. Dokata ɗaya ce tal: abin da mutum ya karanta a allo, shi nake rubutawa. Wanda ya zo mini da magiya, ko ya ce ai ya san mijina, sai in nuna masa ƙofa.

Ɗakin gwajin dogo ne siriri, kujera a wannan ƙarshe, allo mai fitila a wancan. Allon ba na haruffa ba ne, don ba kowane direba ne ya iya karatu ba. Alama ɗaya ce mai ƙafa uku, kamar cokali mai yatsu da aka yanke wa mariƙi, an jujjuya ta: nan ta kalli sama, can ta kalli ƙasa, ko dama, ko hagu. Na sama manya ne, suna ƙanƙancewa har layin ƙarshe. In na ɗora tsinke a kan guda, sai mutum ya nuna mini da yatsu uku inda ta fuskanta.

Wata Asabar, washegarin ranar da aka ba makarantu hutu, kamfanin da ke jigilar 'yan makaranta ya turo mana direbobinsa gaba ɗaya. A cikinsu har da mahaifina. A da abokiyar aikina ce ke gwada shi, to bana tana hutun haihuwa, ni kaɗai ce a ɗakin. Na gaya wa manajansu cewa akwai mahaifina a ciki, shi manajan da ya zo ya zauna a bakin ƙofa a matsayin shaida. Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, in ke ce, ai tsohon ne abin tausayi."

Baba ya fara tuƙi tun kafin a haife ni. Abokansa na kiransa Kwana-Nesa, saboda ko wuta ce ta kama bayan motar, ba zai wuce gudun da ya saba ba. Mutum ne mai dokoki, amma ba irin waɗanda ake mannawa a bango ba. Nasa a hanya ya tsinto su ɗaya bayan ɗaya, kuma kowacce sai da ta ƙona masa hannu kafin ya riƙe ta. Yana saurayi ya taɓa ce wa wata mata "yanzu za mu tashi", alhali ya san motar ba ta ko yi rabi ba. Matar ta zauna, ta isa asibiti ta tarar mahaifiyarta ta cika. Daga ranar bai sake faɗin abin da ya san ba haka yake ba, ko a ciniki. Wata rana kuma ya kwana biyu a daji da fasasshiyar taya, motoci na wuce shi, sai ya ɗaukar wa kansa cewa ba zai hana ɗan'uwa abin da ke hannunsa ba. In ya dawo gida ya ce, "Yau na ƙara doka," sai Inna ta ajiye ludayi ta ce, "Allah Ya sa dai wannan ba ta cin taya." Tayoyinmu da suka tafi aro ba su dawo ba, da an tara su da an buɗe shago.

Motar yaran nan kuwa ita ce rayuwarsa. Ya san sunan kowane yaro, da mai amai in an bi gargada, da wadda ke manta kwanon abincinta. Kuma ni da shi duk mun san ƙa'ida: direban da bai kai layi na biyun ƙarshe ba, ya sauka daga sitiyari ke nan.

Da layi ya zo kansa ya shigo, ya gaishe ni kamar baƙuwa, ya zauna. Na miƙa masa abin rufe ido, na je gun allo, na ɗora tsinke. Yatsunsa suka tashi: sama. Na matsa: dama, dama, ƙasa. Layi bayan layi, ko gargada babu. Manaja yana ta gyaɗa kai yana latsa waya.

A layi na huɗu tsinken ya kusa suɓuce mini, na ɗan dakata in gyara riƙo. Hannun Baba bai dakata ba. Ya nuna hagu tun ban kai kan alamar ba.

Na dubi idonsa da kyau, sai na ga ba allon yake kallo ba, wani wuri yake kallo a gefensa. Nan take na tuna barandar gidanmu lokacin ina makarantar koyon wannan aiki. Na manna irin wannan allon na takarda a bango, kuma Baba ne majinyacina kullum bayan la'asar. Don ya ba ni dariya har waƙa ya mai da shi, "sama, dama, dama, ƙasa," ƙannena suna taka rawa. Allunan nan kuwa duk tsari ɗaya ake buga su. Ashe waƙar ba ta bar kansa ba.

Ya kai har layin ƙarshe, wanda matasa ma ke tuntuɓe a kai. Ya sauya ido, ya sake kaiwa.

"Kai!" in ji manaja. "Tsoho, idon shaho gare ka."

Na koma tebur na ɗauki biro. Dokata da nake taƙama da ita ta buɗe mini ƙofa wangalau: ya karanta, in rubuta ya karanta, ga shaida a zaune. Babu harafi ɗaya na ƙarya da zai fito daga hannuna. Amma na san abin da na gani, kuma na san yaran da ke tsallaka gaban motar nan kowace safiya. A ɗaya gefen kuma ga ubana, da furfurarsa, ya ɗora hannuwa a gwiwa. Ban san abin da zan yi ba, wallahi ban sani ba.

"Uwata," in ji Baba. Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni, amma bai taɓa kirana haka a wurin aiki ba. "Ajiye biron nan. Ina ɗan katin da kike juya wa yara da hannu?"

"Baba, ai ka gama."

"Ban fara ba. Waƙa na yi miki, kin kuma sani. Na shigo da niyyar in faɗa tun daga ƙofa, sai hannun ya riga ni, ni kuma na bar shi. Ɗauko katin."

Katin jeri ne, daga babba zuwa ƙarami, kowanne alama ɗaya ce tak, ni ke juya ta yadda na ga dama, babu tsarin da za a haddace. Na ɗauko, na tsaya jikin bango. Babbar ya gane ta. Ta biyu sai da ya ƙanƙance ido. Sai na ɗaga ta uku.

Kowa yana canka a wannan wurin. Na ga malamai sun canka, na ga masu carbi a hannu sun canka, don wani lokaci a dace. Baba ya ɗaga yatsunsa uku, suka tsaya a iska, sannan ya sauke su a hankali.

"Ina ganin farar rigarki," ya ce. "Ina ganin kin ɗaga hannu. Abin da ke hannun, ban gan shi ba."

Sai ya ba mu labarin jiya. Ya sauke wata yarinya 'yar aji ɗaya a ƙofar gidansu, ya duba gaba, ya ga wani abu shuɗi a ƙasa, ya ɗauka leda ce iska ta kawo. Har ya saki birki, wani yaro daga baya ya ƙwalla ihu. Yarinyar ce ta durƙusa tana ɗaure igiyar takalmi.

Na haska cikin idonsa da 'yar fitilata. Na so in ga yanar ido, don ita ana cire ta mutum ya koma aikinsa. Ba yana ba ce. Jijiyar idon ce ta koɗe, irin wadda abin da ya tafi ba ya dawowa. Likita ne zai yanke magana, amma na daɗe a aikin nan.

Manaja ya sa wayarsa a aljihu, ya tura ƙofa ta rufu sosai. Yaron kirki ne, idonsa har ya kawo ruwa. "Baba," ya ce, "ni gwajin farko na gani. Sai in ba ka gajeriyar hanya, in haɗa ka da kwandasta mai ido. Shekara ɗaya ta rage maka ka yi ritaya da mutuncinka."

"Na gode, ɗana. Riƙe alherin nan ka ba wanda ba zai taka kowa da shi ba." Ya juyo gare ni. "Da saura, Uwata. Waƙar nan ba ni kaɗai na iya ta ba."

Shekarun baya, in ji shi, amininsa Dogo, wanda suka fara tuƙi tare, ya same shi hankali a tashe, ido ya fara hazo ga gwaji ya matso, ga 'ya'ya a makaranta. Baba ya ga yana da abu a hannu, ɗan'uwa na nema, kuma dokarsa ce ba ya hanawa. Ya koya masa. Dogo ya koya wa wani, wanin ya koya wa wani.

Raina ya ɓaci har kunnuwana suka yi zafi. Ashe shekara da shekaru ina tsaye da tsinke ina hura hanci, ni Ba-Sani-Ba-Sabo, tsofaffi suna yi mini rawa da waƙar gidanmu! Na buɗe baki in yi faɗa, sai na ga yadda yake laluben hannun kujera zai tashi. Na fasa faɗan.

"Zauna, Baba," na ce. "Zan gwada kowa da kati, ba sai na faɗi dalili ba. Ba wanda zai san daga gare ka ne."

"Sai su ce ke ce muguwa, ko su yi ta zargin juna. A'a. Ni na ƙulla, ni zan kwance." Ya miƙe tsaye. "Na ɗauka duk abin da ka ba ɗan'uwa kyauta ne. Ashe akwai kyautar da ɗan wani ne ke biyanta. Da tsufana na gane wannan."

Ya buɗe ƙofa ya fita baranda, inda direbobi ke jere a benci suna ta shewa. Na bi shi har bakin ƙofa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ya faɗi gwaji, ya bar tuƙi daga yau. Ya ce waƙar allo da ke yawo a tsakaninsu shi ya kawo ta, kuma shi ya tona ta da bakinsa, kada a zargi kowa. Yau da kati za a gwada.

Na sha ganin jarumta a asibiti, amma ban taɓa ganin mutum ya ajiye aikinsa da abokansa a numfashi ɗaya, ba wanda ya tilasta shi ba. Mutumin da nake yi wa faɗa kan shan magani, wanda ke barci a gaban talabijin baki buɗe, sai na ji kamar yau na fara ganinsa.

Bai tafi gida ba. Ya zauna a ƙarshen benci, aka dare aka bar masa fili kamar mai cuta. Ni kuma na ci gaba da aiki. Yawancinsu sun wuce lafiya, wasu tabarau kawai suke bukata. Dogo ne bai wuce ko kati na biyu ba. A da, da na rubuta zan ce a turo na gaba. Ranar sai na ja kujera na zauna kusa da shi, na gaya masa tasa yana ce, ana cire ta, in Allah Ya yarda zai iya komawa mota. Ko kallona bai yi ba.

Ya fita ya tsaya a kan Baba. "Kwana-Nesa, ka cuce ni! Shekara nawa muna cin abinci a kwano ɗaya?"

"Na cuce ka," in ji Baba. "Amma ba yau ba. Tun ranar da na koya maka."

Dogo ya yi tsaki ya nufi waje, inda ya jingine babur ɗinsa a gindin bishiya. Ta taga na ga Baba ya bi shi da sauri, har yana tuntuɓe da dakali. Kafin Dogo ya ɗaga ƙafa, Baba ya riƙe kan babur ɗin da hannu biyu.

"Sakar mini abina!"

"Ba za ka hau ba."

"Ina ruwanka da ni? Munafuki! Maci amana!"

"Na ji, duk na ɗauka," in ji Baba. "Zage ni a ƙafa."

Suka yi ta ja-in-ja, mutane suka fara taruwa. Da Dogo ya ga ba saki, sai ya yar da hannu ya kama hanya a ƙasa, yana tafe yana waiwaye yana zazzaga masa. Gidan Dogo kuwa can bayan gari yake, ga rana ta take. Baba ya ture ƙafar babur ɗin, ya sunkuya, ya bi gefen titi yana tura shi a bayan amininsa.