Abin da Baba Direba Ya Karanta a Mota

Tun da matarsa ta rasu, Baba Direba bai bari kowa ya ga hawayensa ba. A ce masa, "Ya haƙuri?" ya ce, "Da godiya," ya kawo wani zancen.

Motar makaranta yake ja. In ya sauke yara da safe, sai ya ajiye ta bayan katanga, ya zauna shi kaɗai, ya ciro waya. Akwai wani zaure a intanet inda waɗanda aka yi wa rasuwa ke haɗuwa, kowa da sunan aro. Can yake amayar da abin da ke cikinsa. Su kaɗai suka san har yau in ya tashi sallar asuba a hankali yake buɗe ƙofa, wai kada ya tashe ta.

Ran nan wata sabuwar shiga ta rubuta: "Babana direba ne, ko ɗigon hawaye bai yi wa Mama ba. Ana gama zaman makoki ya kwashe takalmanta daga bakin ƙofa, ya koma aiki. Anya ya taɓa son ta? Gida ɗaya muke, amma kamar 'yan haya."

Ya sake karantawa. Autarsa ce. Takalman kuwa ga su nan ƙarƙashin kujerarsa, ƙulle a leda.

Ya fara rubuta mata, "Baiwar Allah, da me kuma kika riƙe shi a zuciya?" Ya san za ta zazzage masa komai, tunda ba ta san shi ba ne. Ya daɗe yana kallon rubutun. Ba shi ta buɗe wa cikinta ba. Wannan laɓe ne, ko da a waya ne, kuma Allah na gani. Ya goge, ya fice daga zauren gaba ɗaya, alhali ba shi da wani wurin da zai faɗi damuwarsa.

Da yamma ya same ta a kicin tana wanke-wanke.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Wallahi ina kewar mahaifiyarki."

Ta kashe famfo, amma ba ta juyo ba.

"Allah Ya ji ƙanta," ta ce a hankali. "Ka je, yanzu zan kawo maka abinci."

Ya koma falo ya zauna, hularsa a gwiwa, yana saurare. An daɗe bai ji ƙarar kwano ko ɗaya ba.