Mudun Inna Yalwa

Zazzaɓi ne ya kada ni a ɗakin jarrabawa, ranar kemistiri, darasin da ya daɗe yana hana ni shiga makarantar jinya. Baba ya riga ya ce wannan ne zama na ƙarshe. Tambaya ɗaya ta rage mini: ƙwayoyin ruwa, wato molekul, guda 1.204 × 10²⁴, mol nawa ke nan? Na kifa kai a kan tebur, wai in ɗan huta.

Sai ga ni a wata kasuwar hatsi marar rufi. Kogi ne ke gudu ta tsakiyarta, amma ruwan ƙwaya-ƙwaya yake kamar gero, kowace ƙwaya tana kiran sunana. Na durƙusa ina ƙirga su ɗaya-ɗaya. Ina ƙirgawa furfura na fito mini, haƙorana na zuba. Tsoro ya kama ni ƙwarai.

"Asabe, kin haukace ne? Wa ya taɓa ƙirga gero?"

Kakata ce, marigayiya Inna Yalwa mai awo, zaune a kan ruwan, goro a kumatu. Ta cillo mini mudunta, ta ce in gaishe shi, ya girme ni.

Mudun ya yi gyaran murya. Ya ce sunansa Mol, cikinsa ƙwaya 6.02 × 10²³ yake ɗauka, ko na ruwa ko na iska, ba ya rage wa kowa, ba ya gyara wa ko 'yar sarki.

Da rawar jiki na ninka ƙwayoyin kogin da lambarsa. Wayyo! Kogin ya miƙe tsaye, ya haɗiye rumfuna da jakuna, ya kai wa rana wuya. Inna ta bushe da dariya har goron ya faɗo, ta ce daman tun ina yarinya haɗama ce ke cina.

"In za ki juye mudu ƙasa, ninka," in ji ta. "In za ki kwashe ƙwaya cikin mudu, raba. Ke kwasa kika zo yi."

Na raba. Na kamfata sau ɗaya, kogin ya koma rabi. Na sake kamfata, ya ƙafe ƙaf, sai yashi. Ilahirin kogin nan mudu biyu ne. Kasuwa ta ɗau guɗa, har sikeli na rawa. Daɗi ya cika ni, na juya in rungume Inna.

Wani ya buga tebur. Malamin da ke tsaronmu ne, yana miƙo hannu.

"Malam, don Allah tsaya," na ce.

Na rubuta: mol biyu. Na miƙa masa takardar da hannu biyu, ina dariya, yana kallona kamar mai aljanu.