Amshin Maman Emenike

Tun suna amare a unguwar Laranto, in Hasiya ta ɗauko tsohuwar waƙar mata masu dakon kuza, maƙwabciyarta Adaugo ce mai amshi. Baitocin kam ba ta taɓa riƙe ko ɗaya ba, amma "Rana ta yi, mu je gida" yana bakinta kamar ita ta ƙago shi. Laifinta ɗaya, gaggawa. Kullum sai Hasiya ta harare ta: "Maman Emenike, ki bari in kai ƙarshe mana!"

Ranar sunan jikar Hasiya, mata suka cika tsakar gida, suka nace sai ta yi waƙar. Ta fara lafiya lau, amma a tsakiyar baiti tsufa ya yi halinsa, kalmomin suka ɓace mata ɓat.

Kafin kowa ya ankara, Adaugo ta faɗo da amshi, tana tafi tana maimaitawa, mata suka ɗauka, har baitin ya dawo wa Hasiya.

Da aka watse, Hasiya ta cika mata kwano da masa tana ƙunƙuni: "Har yau dai ba ki daina gaggawar nan ba."

"Ba kuma zan daina ba," in ji Adaugo.