Feshin da Ya Tsallake Kunya

Gonar raken Mainasara da ta ƙanensa Ɗahiru asalinsu gona ɗaya ce, a bakin rafin da ya ratsa fadamar Badafi. Da mahaifinsu ya rasu aka raba ta biyu, aka ja doguwar kunya a tsakani. Shekara goma sha ɗaya kunyar nan ba ta jawo magana ba, sai ranar da Ɗahiru ya dawo daga kasuwar Yako da a-kori-kura shaƙe da irin rake.

Mainasara ya ɗauki sanda ɗaya ya jujjuya ta, ya duba gaɓoɓinta. "Wannan fa? Irin gida ya ƙare ne?"

"Yaya, wannan ba irin namu ba ne," in ji Ɗahiru, bakinsa har kunne. "Masana ne suka sauya masa halitta a ƙasar waje. Ka fesa masa maganin ciyawa daga sama har ƙasa, tofa da ƙiri-ƙiri su mutu, shi ko gezau. Ni da fartanya mun yi sallama."

"Wa ya gaya maka?"

"Mutumin da ya sayar mini. Har hoto ya nuna mini a waya."

Mainasara ya jefar da sandar cikin motar. "Raken da guba ba ta kashe shi, shi za ka matse ka ba mutane su sha? Ɗahiru, ka mayar masa da abinsa."

Ɗahiru bai mayar ba. Ya dasa.

Kafin raken ya kai gwiwa maganar ta cika gari. A majalisar ƙofar masallaci bayan la'asar mutane suka rabu biyu. Wasu suka ce sun ji a waya irin wannan abu yana hana haihuwa, wasu suka ce ƙarya ce, a ƙasashen da suka ci gaba da shi ake yin sukari kuma ba wanda ya mutu. Kowa na ɗaga murya, ba wanda ya taɓa ganin abin da idonsa sai a gonar Ɗahiru. Mainasara ya fi kowa jin haushin surutun, don tambayarsa ɗaya ce kuma an ƙi amsa ta: maganin da za a riƙa zubawa ba awo, tunda an ce raken ba ya jin sa, ina zai tafi idan ruwa ya sauka?

Da damina ta faɗi tofa ta taso. Wata safiyar Talata Mainasara ya tafi jana'iza Ba'awa. A ranar Ɗahiru ya goya injin feshi, ya haɗa magani mai kauri fiye da yadda aka rubuta a jikin kwalba, don a gama da ciyawar gaba ɗaya. Iska na kaɗawa daga gabas. Bai rufe hanci ba, bai sa takalmi ba. Da ya gama ya gangara rafi ya wanke injin.

Bayan mako guda Hamdiyya, matar Mainasara, ta shigo gida da ganyen alayyafo a hannu, ta zube shi a gaban mijinta. 'Yar gonar ganyen da take yi a gefen kunyar nan, wadda gidan ke miya da ita, ta koma ruwan ɗorawa.

"Malam, je ka ga naka," abin da ta ce ke nan.

Ya je. Layi shida na rakensa, tun daga bakin hanya har rafi, ganyen ya yi fari-fari, tsakiyar ta fara bushewa. Irin da ya gada ne, wanda yake ware wa mafi kyawun sanduna kowace shekara. Ya ɗaga kai. Sai ya hango Ɗahiru tsugune a tasa gonar.

"Kai! Zo nan!"

Ɗahiru ya taso a hankali.

"Na hana ka, ko ban hana ka ba? Gonarka ce, ka ƙone ta in ka ga dama. Tawa fa? Me na yi maka? Ganyen da 'ya'yana ke ci ka fesa wa guba, sannan ka bi ta ƙofar gidana kwana bakwai kana gaishe ni!"

"Yaya, iska ce..."

"Iska ce ta goya injin? Iska ce ta je Yako?"

Ya ci kwalar rigarsa. Ɗahiru ya yi ƙara ya durƙushe, ba don shaƙar ba. Rigar ta manne da bayansa, inda injin ya riƙa yoyo ranar feshi, fatar ta saɓule tun daga kafaɗa. Mainasara ya sake shi, amma zuciyarsa ba ta sauka ba. Daga nan gidan mai unguwa ya nufa.

Mai unguwa ya aika ofishin ƙaramar hukuma a Kiru a turo malamin gona. Wadda ta zo mace ce, Malama Bilkisu, a bayan ɗan acaɓa, da takalmin roba a cikin jaka. Rabin gari ya bi ta fadama. Ta zaga gonar Mainasara, ta tsallaka kunya, ta shiga ta Ɗahiru. Can tsakiya ta kama wani rake ta ja, tsakiyarsa ta zare a hannunta, ruɓaɓɓiya.

"Malam Ɗahiru, naka ma ai mutuwa yake yi. An ba ka wata takarda da irin nan?"

Ɗahiru ya girgiza kai.

"To ni da ido ba zan iya cewa an sauya masa halitta ko ba a sauya ba, sai an kai ɗakin gwaji. Amma raken da aka ce ba ya jin magani, ga shi ya ji. Zatona rake ne kamar kowane, aka yi maka daɗin baki."

Wani daga cikin taron ya ɗaga murya. "Malama, mu dai ki gaya mana gaskiya. Wancan na ainihin, yana kashe mutane ko ba ya kashewa?"

"Masu bincike da yawa sun ce ba su ga illa a cinsa ba. Wasu kuma sun ce damuwarsu yawan feshin da yake jawowa, suna so a ƙara bincike. Har yanzu ana ja."

"Ana ja!" Mainasara ya matso gabanta. Mai unguwa ya ɗaga masa hannu, bai kula ba. "Ku kuna can kuna ja a ofis, mu ana gwadawa a bayanmu. Kwalbar maganin nan a kan tebur ake sayar da ita kusa da mai ƙosai. Rubutun jikinta da Turanci, ƙanana kamar ƙwan kwarkwata. Wa ya taɓa zuwa ya karanta mana? Shekara nawa rabon da mu ga ɗayanku a fadamar nan? Sai yau da aka yi ɓarna!"

Malama Bilkisu ba ta musa ba. "Baba, mu biyu ne a kan garuruwan nan duka. Ba uzuri nake ba ka ba." Ta juya wajen mai unguwa. "Ranka ya daɗe, a hana ɗiban ruwan sha a rafin nan zuwa wani lokaci, a gaya wa masu shanu. Malam Ɗahiru kuma, da wannan bayan nasa, a kai shi asibiti yau, ba gobe ba."

Mainasara ne ya ɗauki ƙanen nasa a babur. Suka nufi asibiti. Da aka wanke ciwon aka ɗaure, bai juya gida ba, ya zarce kasuwar Yako da Ɗahiru a baya, ya ce ya nuna masa rumfar. Suka tarar da wani yana sayar da bokitai a wurin. Maƙwabta suka ce mai irin baƙo ne, kasuwa uku ya ci ya tafi, wasu sun ce Doguwa ya nufa, wasu sun ce Tudun Wada. Lambar wayarsa a kashe.

Gonar Ɗahiru ta tashi a banza a shekarar. Ta Mainasara, ban da layi shidan nan, ta yi kyau. Da lokacin yanka ya yi ya matse, ya dafa, ya zuba mazarƙwaila jawur mai ƙamshi kamar yadda ya saba. Ya loda buhu biyu ya kai kasuwa.

Alhaji Alkasim, dillalin da ya shekara tara yana sayen kayansa yana kaiwa Kano, ya zo ya tsaya nesa da buhunan.

"Mainasara, ka yi haƙuri. Bana ba zan ɗauki na Badafi ba."

"Saboda me?"

"An ce rakenku na Turawa ne, mai hana haihuwa. Maganar ta kai har Kano. In na kai ba mai taɓawa."

"Alhaji, irin ubana ne! Ka san shi, ka sha shi! Wancan ɗin ma da ake faɗa bai rayu ba, kuma shi ma ba na Turawan ba ne!"

"Na sani. Masu saye ne ba su sani ba."

Mainasara ya kwance bakin buhu, ya ciro curi guda, ya gatsa a gaban jama'a. Ya tauna, ya haɗiye, ya sake gatsa. "Ku duba! 'Ya'yana tara! Ga shi ina ci!" Mutane suka taru suna kallo. Wata mata ta ja hannun 'yarta suka wuce. Alhaji Alkasim ya sunkuyar da kai ya matsa rumfar gaba, wajen wani mutumin Tudun Wada.

Har azahar ba wanda ya taya. Mainasara ya ɗaure buhunan a bayan babur, ya ja igiyar da ƙarfi har ta tsinke. Ya ƙulla ta, ya sake ja, ya buga babur ɗin ya kama hanyar gida.