Dutsen Taimamar Maigidana

Maigidana Attahiru ya yi shekara biyu yana aiki da masu neman man fetur a gaɓar Bahar Maliya, kafin ya dawo Wad Haddad ya kama noman auduga. Da yana raye ban taɓa kiran sunansa ba. Yanzu ma da ƙyar na rubuta shi.

Aikinsa a can jera duwatsu ne. Injin haƙa yana da bututun ƙarfe da ke yanko dutse daga ƙarƙashin ƙasa, ya fito da shi mulmulalle kamar taɓarya. Sai a jera shi guntu-guntu cikin akwatin katako yadda ya fito, na sama a farko, na ƙasa a ƙarshe. In wani wuri ya dagargaje, a sa guntun itace a gurbinsa. Hukuma ke kwashe akwatunan ta ajiye a Hartum.

Ya dawo da guntu ɗaya, fari tas, bai fi tafin hannu tsawo ba. Na ce in riƙa daka yaji da shi. Ya ce, "Sabuwa, ahir ɗinki! Wanga dutse ƙafar kowa ba ta taɓa taka shi ba tun da Allah ya halicce shi."

Shekara goma sha uku dutsen na kan taga. Sai tsargiya ta kama maigidana, irin wadda ake ɗauka a ruwan ban-ruwa. Cikinsa ya kumbura, ruwa na taɓa shi sai ya hau kakkarwa. Da dutsen nan ya riƙa taimama, sau biyar a yini, har wata goma sha ɗaya. In hannunsa ya gaza, ni nake riƙe masa.

Ranar Laraba da hantsi ya ce in matso.

"Dutsen ga ba nawa ba ne. Ƙarya na yi wa shugaban aiki, na ce ya dagargaje, na sa itace. Rijiya ta biyu, akwati na arba'in da bakwai. Maimaita."

Na maimaita har sau uku. Ya ce in mayar, kar a tambaye shi amana a kabari. Juma'a ya cika.

Da na fita takaba na gaya wa ƙaninsa Ladan. Ya yi dariya. "Matar yaya, Hartum don dutse? Jefa shi a kogin Nilu, ai shi ma na hukuma ne." Da ya ga ina ɗaure kayana, ya sa rawaninsa muka shiga jirgin ƙasa. A hanya hannuna na kan ƙullin. Ba ni da hotonsa, ba mu da ɗa, tufafinsa an yi sadaka da su. Dutsen nan kaɗai ya rage mini.

Kwana biyu muna tambaya kafin mu sami wurin. Dogon ɗaki ne na kwano, akwatuna jere kan kanta har rufi, ga tebura inda wasu ke duba duwatsu da madubi. Mai tsaron wurin dattijo ne, Mahadi, mutumin Rufa'a. Da ya ji Hausa a bakinmu sai ya bar Larabci.

"Ya hajja, nan kawo mana duwatsu ake da mota. Ke ce ta farko da ta kawo a bakin zane."

Ya duba littafinsa, ya ɗauko tsani. Shi da Ladan suka sauko da akwatin, ƙura ta turnuƙe mu. Da aka buɗe, ga duwatsu farare a jere, ga guntun itace a tsakiya. Na gane sassaƙar, haka yake fiƙe ƙotar fartanya.

Na kwance ƙullin. Nawa ya yi baƙi-baƙi, ya yi sumul saboda tafin hannunsa. Na kasa miƙawa.

Mahadi ya dube ni ya ce, "Ma'alesh, ba komai. Rijiyar nan ba a sami mai a cikinta ba. Shekara nawa ba wanda ya buɗe akwatin ga. Ki tafi da abinki, halas, shi ke nan, ni ban gani ba."

Ladan ya ce, "To kin ji. Ko mai wurin ya yafe."

Wallahi na so in karɓa. Har na fara naɗe shi. Sai na ce wa Mahadi, "Baba, naka ne da za ka yafe?"

Ya sa yatsa ya cire itacen. Na sa dutsen da hannuna. Bai zauna ba, sai da Mahadi ya nuna mini na juya shi, sannan bakinsa ya haɗu da na ɗan'uwansa. Shi kaɗai ne baƙi a cikinsu. Mahadi ya rubuta wani abu a littafin, suka mayar da akwatin can sama inda hannuna ba ya kaiwa.

Muna fita Mahadi ya biyo ni da guntun itacen. Na tambaye shi ko na hukuma ne. Ya ce a'a, wannan aikinsa ya ƙare.

Shi ne a kan taga yanzu. Itace ba a taimama da shi. Gara ta fara cin gefensa, kullum sai na kakkaɓe.