Hodar Aski a Kan Inji

"Ƙara barbaɗawa ta baya! Wai hodar ta gado ce da kake mata rowa?"

Haka Baba Direba ya daka min tsawa, alhali ni ne na baro mutum a kujerar aski da rabin kai na zo taya shi. Ina sunkuye cikin bonet ɗin tsohuwar motarsa da gwangwanin hodar shagona, shi kuwa yana tsaye a kaina da sanda, yana nuna min lungunan da shi kansa ba ya gani sosai.

"Baba, hodar wuyan mutane ce fa, ba ta inji ba."

"Wuyan mutanenka ya fi injin nan tsabta ne? Barbaɗa!"

Katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da shagona. Shekara arba'in ya yi yana jan manyan motoci kafin ido da zuciya su sauke shi, abin da ya rage masa kuma shi ne wannan ƙaramar mota mai ruwan toka da ke zaune a ƙarƙashin rumfar kwano a ƙofar gida. Wata biyu ke nan tana yoyon baƙin mai. Kullum da asuba sai ya shimfiɗa sabon kwali a ƙarƙashinta, da rana ya zaro ya kai dab da hancinsa yana duba ɗigon.

Autarsa, wadda ke koyarwa a wata makaranta can ƙarshen gari, ta kawo bakanike. Mutumin ya leƙa ƙasa sau ɗaya, ya ce robar da ke tsakanin inji da giya ce ta mutu, sai an sauke injin ɗungurum, kuma motar ba ta cancanci wannan wahala ba. Auta ta ji daɗi, ba ta ma ɓoye ba. Likita ya hana mahaifinta sunkuyo, ita kuma sau biyu tana dawowa ta tarar da ƙafafunsa kaɗai a waje, sauran jikin yana ƙarƙashin mota. Ta ce ranar Asabar masu sayen tsofaffin ƙarafa za su zo su ja ta.

"Inda ya ɗiga ya duba, bai duba inda ya fito ba," Baba ya ce mata a gabana. "Mai ba ya hawa sama, Auta. Gangarowa yake. Ta sama ce, robar murfin inji ce, aikin da zan yi ina zaune."

"To Baba, in ka nuna min da idona kafin Asabar, na bar maka ita. In ba haka ba, don Allah kar mu sake wannan magana."

Shi ya sa ranar Laraba muka wanke injin tas da kananzir da tsumma, muka bar shi ya bushe, sannan na bi shi da hoda har ya yi fari fat. Dabarar tsofaffin direbobi ce, in ji shi. In mai ya fito, zai ja baƙin layi cikin farin, sai ka bi layin sama har bakin inda ya faro.

Muka tada ta. Ta yi tari, ta kama. Muka bar ta tana aiki a tsaye minti ashirin, yana ta kewaye ta, ya zauna, ya tashi, ya sake tambayata ko na ga wani abu. Ban ga komai ba.

"A tsaye ba za ta faɗi gaskiya ba," ya ce. "Sai ta hau titi ta ɗau zafi, ta ji totur. Rabin awa kawai. Kai ka iya tuƙi, ɗan aski. Ɗauke ni mu zaga."

Na waiga shago. Mai rabin kai ya fito bakin ƙofa da mayafin aski a wuyansa yana harara ta.

"Gobe, Baba."

Alhamis ya zo tun ban gama share gashi ba. Ya zauna a bencin masu jira, makulli a hannu, yana kaɗa shi. Duk wanda ya tashi daga kujerar aski sai Baba ya miƙe, in wani ya hau sai ya koma ya zauna. Wallahi sai da ya sa na yanki wani bawan Allah a bayan kunne. Raina ya ɓaci.

"Haba Baba! Motar nan ba guduwa za ta yi ba. Ka bar ni in nemi abincina mana."

Ya tashi ya fita. Ta madubi na gan shi ya je ya ɗaga bonet, ya hure ƙurar da ta sauka a kan hodar a hankali, ya rufe. Na ji kunya, amma ban ajiye almakashi ba. Na ce a raina ai akwai Juma'a.

Juma'a da hantsi ina wanke reza na ji ƙarar sanda ta faɗi a kan siminti. Na leƙa. Yana zaune a ƙasa, ya jingina da tayar gaba, hannu ɗaya a ƙirji, gumi na zuba kamar an watsa masa ruwa.

"Baba! Baba, me ya faru?"

"Ba komai. Ƙirjin ne ya ɗan riƙe."

Layinmu a wannan lokaci babu wata mota, duk masu mota sun fita aiki. Na kira Auta, ta fasa ihu ta ce in kai shi asibiti, ga ta nan. Na duba dama, na duba hagu. Sai ya buɗe tafin hannunsa, ga makulli.

Ni da wani maƙwabcinmu mai shagon kayan masarufi muka kwantar da shi a kujerar baya. Na murza, ta kama bugu ɗaya. Rabona da sitiyari ya fi shekara uku, na fizgi motar har ta kusa mutuwa a bakin kwalbati.

"Saki kuloci a hankali," na ji murya daga baya. "Ba mai bin ka."

"Baba ka yi shiru don Allah!"

"Sa mata giya ta uku. Ba ta wuta, ta iya."

Muka faɗa cunkoso a mahaɗar kasuwa. Ina danna ham, ina zagin mutanen da ba su yi min komai ba, ina leƙa madubi. Idonsa a rufe, leɓensa ya yi fari, amma kunnensa na kan injin. Da muka fita babban titi na taka ta sosai, sai na ga ya ɗan yi murmushi.

"Yawwa. Yanzu ta ɗau zafi."

Mun kai rabin awa kafin mu isa. Ma'aikata suka fito da gado mai taya, suka shiga da shi wani ɗaki mai labule kore, suka manna masa wayoyi a ƙirji. Ina tsaye a gefe ban san inda zan sa hannuna ba. Ya kamo bakin rigata.

"Je ka duba."

"Baba, bari Auta ta zo tukuna."

"Kafin ya bazu ya ɓata layin. Tun Laraba kake ce min gobe. Je ka."

Wannan kalmar ta soke ni. Na fita da gudu.

Motar tana inda na yar da ita, a karkace, ƙofar baya a buɗe. Na ja wayar buɗe bonet, na ɗaga shi, zafi ya bugi fuskata. Ta gaba fari fat, ba komai. Na zagaya, na cusa kaina ta bayan injin har ƙarfe ya ƙona min hannu. Ga shi nan. Baƙin layi siriri kamar zare, ya faro daga kusurwar murfin sama, daidai inda robar ta tsage, ya gangaro ta bayan inji, ya bi har wurin da bakaniken nan ya leƙa ya yanke hukunci. Na dangwala yatsa, na juya da gudu, har na bangaji wata mata da kwanon abinci.

Na tarar an ja labule. Auta tana tsaye a bakinsa da jakar makaranta a kafaɗa, alli a hannun rigarta, ba ta kuka, tana kallon ƙasa. Wata ma'aikaciya ta fito tana naɗe wayoyi, ta girgiza min kai.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na san ba ya ji, amma na matsa jikin labulen na ce, "Baba, ta sama ce." Muryata ta fito da ƙarfi fiye da yadda na so, mutane suka waigo. Rabin awa ya roƙe ni, kwana biyu ina hana shi, kuma har yau ban yafe wa kaina ba.

Auta ta ɗago. Ta dubi yatsana mai baƙi da fari.

"Me ka ce, Yaya?"

"Robar murfi ce. Yadda ya faɗa."

Aka kira ta ta sa hannu a takarda, ta sa. Aka ce ta zauna, ta ƙi. Sai ta ce min, "Mu je ka nuna min."

Muka fita cikin rana. Na nuna mata inda za ta tsaya, na ce ta kula da ƙarfen, da zafi. Ta tattare mayafinta, ta sunkuya, ta bi layin da ido daga ƙasa zuwa sama, a hankali, har ta kai kusurwar. Ta daɗe a haka. Wani mai gadi ya zo ya ce mu gyara motar mun tare hanya, ya ga fuskokinmu, ya koma.

Na kai hannu zan sauke bonet.

"Kar ka rufe tukuna," ta ce.

Na janye hannuna. Muka tsaya a gefen motar, injin yana ƙas, ƙas, yana hucewa.